Wutar da allura ba ta gani

Akwai wata magana da na sha ji a bakin masu motoci, tun daga Yamai har Damagaram, duk sa'ad da inji ya mutu a kan hanya, aka buɗe shi aka tarar kan pisto ya huje ko gefensa ya narke. Mai mota yakan riƙe haɓa ya ce: "Wallahi allura ba ta hau ba, idona na kanta." Ba ƙarya yake yi ba, kuma allurar ba ta ci amanarsa ba. Aikinta shi ne auna zafin ruwan da ke kewaya inji, ruwan nan kuwa yana da yawa, yakan ɗauki mintoci kafin ya sauya hali. Shi kuwa pisto daƙiƙa kaɗan sun ishe shi lalacewa. Kafin labari ya kai ga ruwa, ruwa ya kai shi ga allura, aikin gama ya gama.

Abin da ya sa na ga ya kamata mu tattauna wannan batu shi ne motocin da ke shigo mana yanzu ba irin waɗanda muka tashi da su ba ne. Mu da muka koyi tuƙi a kan Peugeot 504 mun saba da inji mai haƙuri: lita 2, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, ya sha man da aka ba shi, ya ɗauki mutane da buhuna har a kan rufi, bai ce uffan ba. Haka ma Land Cruiser mai injin 1HZ, lita 4,2, silinda shida, babu turbo, ƙarfinsa wajen doki 130. Yau kuwa sai ka ga ƙaramar mota mai lita 1,2 da silinda uku ita ma tana bada doki 130. Ɗan kasuwa ya iya lissafi: a cikin na farko kowane pisto yana jan doki kusan 22, a cikin na biyu yana jan fiye da 43, alhali kuwa ya fi wancan ƙanƙanta. Dokokin hayaƙi na ƙasashen Turai, Euro 5 a 2009 da Euro 6 a 2014, tare da matsin rage shan mai, su suka tura kamfanoni ga ƙaramin inji mai turbo. Motocin waɗannan shekarun ne suka tsufa a can, suka iso kasuwanninmu a matsayin na hannu, kuma a kansu ne ma'aikaci ke zuba adashensa na shekara uku.

Turbo ba wani abin al'ajabi ba ne ga wanda ya taɓa zama a maƙera. Zugazugi ne. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata ƙaramar farfela, ita kuma tana juya ƴar'uwarta mai tura iska cikin silinda, kuma juyin nan yakan haura sau 150.000 a minti guda. Iska ta ƙaru, an ƙara mata mai, wuta ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara tun 1905, amma an daɗe kafin a iya sarrafa zafin da take haifarwa a cikin ƙaramar mota. Lokacin da kamfanin Renault ya shigar da turbo gasar tseren motoci ta Formula 1 a 1977, motar tasu takan tsaya tana ta tuƙar hayaƙi, har Turawan Ingila suka yi mata laƙabi da butar shayi mai ruwan ɗorawa. Sai a 1979 ta ci tserenta na farko, a garin Dijon. To idan injiniyoyin Faransa da kuɗinsu da kayan aikinsu sun yi shekara biyu suna kokawa da wannan wuta, bai kamata mu ɗauke ta abin wasa ba.

Shi pisto na ƙananan motoci da alminiyam ake yin sa, a gauraya shi da wani sinadari mai ƙara masa tauri. Duk wanda ya ratsa kasuwar Katako a Yamai, ko unguwar maƙeran tukwane a Maraɗi, ya ga yadda ake jefa tsohon ƙarfen inji a kasko, gawayi da zugazugi kawai, ya zama ruwa, a zuba shi a ƙasa ya fito tukunya. Tsantsar alminiyam a digiri 660 yake narkewa, gaurayen da ake yin pisto da shi kuwa tun wajen 580 yake farawa. Wutar da ke tashi a kansa a cikin silinda tana wuce digiri 2.000, kuma tana tashi sau dubbai a minti. Tambayar da ta dace ba ita ce me ya sa pisto yake narkewa ba. Tambayar ita ce me yake hana shi narkewa kullum.

Abin da ke tsare shi ba shi da yawa. Wutar ba ta daɗewa, tana ci ta wuce, sabuwar iska ta shigo ta ɗan huce shi. Akwai kuma wata siririyar iska da ke manne a fuskar ƙarfen kamar mayafi, tana hana harshen wuta taɓa shi kai tsaye. Zafin da ya shige shi kuwa, zobban da ke ɗamararsa, watau segiman, su ke miƙa shi ga bangon silinda, bango ya miƙa wa ruwa. Sa'an nan a injin turbo akwai ɗan ƙaramin bututu a ƙarƙashin kowane pisto da ke fesa masa man inji daga ƙasa. Da wannan taimakekeniya ne kan pisto yake zama tsakanin digiri 300 zuwa 400 a lokacin aiki mai tsanani. Amma fa tun a wannan zafin alminiyam ya riga ya rasa kaso mai yawa na ƙarfinsa, ba sai ya narke ba. Ratar da ke tsakanin lafiya da hasara ƴar kaɗan ce, kuma kowane ɗaya daga cikin masu tsaron nan ya yi sakaci, sauran ba su iya rufa masa asiri.

A motar fetur, babban makashi shi ne abin da direbobi ke ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani idan an taka totur a kan hawa. A ƙa'ida buji ya kamata ya kunna wuta, ta bi gaurayen iska da mai sannu a hankali har gefe. Idan zafi da matsi sun yi yawa, ragowar gaurayen da ke gefe ba ya jiran wutar ta iso, sai ya fashe da kansa. Fashewar nan tana dukan pisto kamar guduma, tana kuma yaye mayafin nan na iska, wuta ta sami ƙarfe tsirara. Da farko gefen pisto yakan yi zanzana kamar an watsa masa rairayi. Daga baya shingen da ke tsakanin segiman ya karye. Juriyar fetur ga wannan fashewa ita ake aunawa da lambar oktan, kuma littafin yawancin motocin nan na Turai yana cewa 95. Man kwalba na bakin hanya, wanda muke kira ruwa-ruwa, babu mai iya rantse maka da lambarsa. Ban ce duk masu sayar da shi maha'inta ne ba, da yawa suna neman abincin iyalinsu ne kawai, kuma su ma saye suka yi. Sai dai idan wani a cikin jerin hannuwan da man ya bi ya tsarma masa kananzir don ya ƙara auki, oktan ya faɗi ƙasa warwas. 504 takan yi tari ta wuce. Injin turbo ba ya wucewa.

Wani zai ce ai motar zamani tana da kwamfuta mai jin wannan ƙara. Gaskiya ne, tana da kunne a jikin inji, kuma da ta ji tsakuwar sai ta jinkirta tartsatsin buji. Amma jinkirin yana da iyaka, kuma yana da farashi: wutar da ta makara tana fita salansa da zafi fiye da da, ta dafa bawul da turbo. Kwamfuta tana saya maka lokaci ne ka isa tashar mai ta kirki, ba lasisin ci gaba da gudu ta ba ka ba.

A nan ne yanayinmu yake shigowa. Iska idan aka matsa ta sai ta yi zafi, kowa ya taɓa famfon keke ya sani. Idan turbo ya ninka matsin iska a ranar bazara, a watan Afrilu, zafin gari yana 45 a kan kwalta tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, iskar da ke fita daga bakinsa takan haura digiri 130. Don haka aka sa wani ƙaramin lagireto a gaban mota, ba na ruwa ba, na iska, domin ya huce ta kafin ta shiga silinda. Ku leƙa shi a motocinku. Sau da yawa za ku tarar ƙura da ƙaiƙayi da gawar fara sun toshe shi, ko kuma an ɗaura wasu manyan fitilu da ƙarfen ado a gabansa sun tare masa iska. Ba ya ɗigar ruwa, ba ya kunna wata fitila, don haka ba mai tuna shi.

Ƙarancin mai ma yana ƙona pisto, ko da yake kunne bai saba da wannan magana ba. Gaurayen da ya daidaita shi ne kilo 14,7 na iska ga kilo guda na fetur, amma idan turbo ya ɗauki nauyi, inji yakan ƙara mai da gangan har wajen 12, saboda rarar man nan tana tururi tana shanye zafi. Matatar mai da ta toshe, famfon tanki da ya gaji, ko na'urar auna iska da ƙura ta rufe har take faɗin ƙasa da abin da ya shiga, duk suna hana wannan rara. Motar ba ta nuna wata alama, wani lokaci ma sai ta ƙara kuzari, mai ita yana murna ta rage shan mai. Idan kuma aka haɗa da buji da ba nasa ba, irin wanda bakinsa ke yin ja ya zama garwashi, ko dattin gawayi da ya taru yana ruruwa, sai wuta ta kama tun pisto yana kan hawa, kafin tartsatsi. Wannan ita ce mai huda rami a tsakiyar pisto kamar an sa wutar walda.

Akwai wata ɗabi'a tamu da nake so in daɗe a kanta, domin ta fi kowace kama da hikima. An koya mana cewa direban kirki shi ne mai saurin hawa babbar giya, ya bar inji yana tafiya a hankali don tsimin mai da tausayin mota. A ƙaramin injin turbo mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, wannan tausayi cuta ne. Mota na cike da kaya, tana giya ta biyar ko ta shida, juyin inji yana ƙasa da 2.000, ka danne totur don ka wuce babbar mota: turbo ya cika silinda, pisto yana tafiya sannu, ɗigon man inji da ya gauraya da fetur ya sami lokacin kamawa da kansa. Bugu ɗaya irin wannan yana iya karya pisto. Matsalar ta dami masu ƙera motoci har aka sauya ma'aunin man inji saboda ita, aka fito da API SN Plus a 2018, sa'an nan API SP a 2020. Haruffan suna rubuce a bayan galan, kuma duba su ba ya cin ko dala. Sauko da giya ɗaya kafin a taka shi ma kyauta ne.

Motocin gazuwal, waɗanda su ne jarin ƴan kasuwa da yawa, tasu hanyar daban ce. Nan injekta ce mai riƙe da ran pisto. A injin zamani tana fesa mai da matsin da ya kai bar 1.600 zuwa 2.000, alhali tayar mota bar 2 da ƴan kai take ɗauka, kuma ta cikin ƙofofi masu kusan kaurin gashi. Man yana fita kamar hazo, ya ƙone a cikin iska bai taɓa ƙarfe ba. Ruwa ko ƙasa suka shiga gazuwal, bakin injekta ya ci, sai hazo ya koma tsartuwa, ya sauka wuri ɗaya a kan pisto yana ci a nan har ya fafe shi.

Na ga wannan da idona a motar wani maƙwabcina mai fataucin albasa. Ta mutu masa bayan Madawa da kaya a kai, aka jawo ta, aka sauya pisto da segiman, ya biya kuɗi mai ciwo. Ba a yi wata biyu ba ta sake. Wannan karon ya kai ta wurin wani dattijon makanike, na raka shi. Dattijon ya ɗauki piston ya juya shi a hannu, ya daɗe bai yi magana ba.

"Alhaji, wancan karon wace silinda ce?"

"Ta uku, Baba."

"To yau ma ta uku ce. Sauran ukun ba rana ɗaya suka sha da ita ba? Ba mai ɗaya suka sha ba? Ku bar zancen zafin gari. A kawo mini injektar nan."

Aka ɗora ta a kan abin gwaji, sai ga ta tana ɗiga kamar famfon da robarsa ta mutu. Garejin farko sun mai da ita yadda suka ciro ta. Albasar da ta ruɓe a tafiya ta biyu ta fi injekta huɗu tsada.

Wata ɓarnar kuma mu muke biyan kuɗi a yi mana ita. Mai mota ya ce ba ta ja, sai a murɗa masa famfon gazuwal, ko a taɓa kwamfuta, ko a ɗaure ƴar ƙofar nan da ke sakin rarar hayaƙi don kada turbo ya wuce kima. Mota ta ja kuwa, tana barin baƙin hayaƙi a baya, yaran tasha suna tafi. Baƙin hayaƙin nan mai ne da ya fi ƙarfin iskar da ke ciki, yana ci a makare, yana dafa pisto da turbo tare. Bakin kwarmin da ke kan pisto yana zafi yana hucewa, yana zafi yana hucewa, har wata rana ya tsage.

Zancen ruwa da man inji kowa ya san shi, sai dai in taɓa abu biyu. Cire kalosta, watau bawul ɗin da ke tsara kewayar ruwa, ya zama kamar al'ada da zarar mota ta iso daga Turai, wai ita ta ƙasar sanyi ce. A injuna da dama kalosta ita ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji bai ratsa lagireto ba. An cire ta, hanyar ta zauna a buɗe. Ruwan rijiya kuma yana barin farin datti a bangon silinda irin wanda muke gani a gindin butar shayi, zafi ya kasa ƙetarewa. Man inji da ya wuce lokacin juyewa, ko wanda turbo ya dafa saboda ana kashe mota nan take bayan doguwar tafiya, yana zama kwalta, kuma ɗan bututun da ke fesa wa pisto mai ƙofarsa ƙarama ce. Ya toshe, fitilar mai ba za ta kama ba, allurar ruwa ba za ta motsa ba, pisto ɗaya ne kawai zai kumbura ya kama bango.

Shi ya sa lokacin da aka buɗe inji ya fi kowane lokaci hatsari ga aljihun mai mota, domin a nan ake yanke hukuncin ko za a dawo. Na ga ana sa sabon segiman daga kwali kai tsaye, ba a saka shi a silinda an auna ratar bakinsa ba. Ratar nan ba ta kai rabin milimita ba a yawancin ƙananan injuna, amma ita ce wurin da zoben ke miƙewa idan ya yi zafi. In ta yi kaɗan bakunan biyu su haɗu, zoben ya cije, ya ɓalle saman pisto. Na ga an lanƙwasa bututun feshin mai garin fitar da pisto, aka mai da shi yana fesa bango. Na ga an sa piston injin da ba shi da turbo saboda faɗinsu ɗaya kuma ya fi araha, alhali na turbo, musamman na gazuwal, yakan zo da rami a cikin kansa inda mai ke kewayawa, da ƙarfe mai tauri a mazaunin zoben farko.

Piston da ya mutu yana faɗin wanda ya kashe shi ga mai iya karatu. Zanzana a gefe da karyayyen shinge, a tuhumi fetur da zafin iska. Rami a tsakiya, a dubi buji da ƙarancin mai. Fafewa wuri ɗaya a na gazuwal, a gwada injekta. Gogewa a jikinsa ta kowane ɓangare, a bi ruwa da man inji. Silinda ɗaya ce ta lalace, laifin yana kusa da ita; duka ne suka nuna alama, laifin na kowa ne, watau mai, ko iska, ko hannun da ya murɗa famfo. Ba sai Alhaji ko Malam ma'aikaci ya zama makanike ba. Ya isa ya ce a ajiye masa piston, a rubuta lambar silindar a jikinsa, kuma kada ya biya kuɗin sabo sai an nuna masa abin da ya cinye tsohon. Yaran gareji sukan yi saurin kai shi wurin maƙeran tukwane, amma su a kan kilo suke saye, kuma farashin ba zai sauya ba don an jinkirta mako guda.